Rakiyar Baba Nogami

Na buɗe ƙofa ke nan zan fitar da shara, sai ga tsohon nan yana nuna ni da yatsa. Farar safar hannu, hula a kai, ya miƙe ƙyam.

"Yoshi," ya ce, ya wuce abinsa.

Na koma ciki na samu mijina Ubale a gaban kwamfuta. "Ka ja wa Bajapanen nan kunne. Tun da muka zo Kuala Lumpur muka tare a unguwar Sentul, kullum sai ya nuna ni. Ni sa'arsa ce?"

"Ba ke yake nunawa ba, Surayya," in ji Ubale, ko ɗagowa bai yi ba. "Hanya yake dubawa. Ke ce kike tsayawa a kanta."

Ashe maƙwabcin namu, Baba Nogami, tsohon direban jirgin ƙasa ne. A aikinsu ba a yarda da ido shi kaɗai. Sai ka nuna abu, ka faɗa da baki cewa lafiya lau, sannan ka motsa. Yoshin ke nan. Ya bar aiki, aikin bai bar shi ba. Murhu sai ya nuna, famfo sai ya nuna. Ranar da na kai masa tuwo da miyar kuka, ya daɗe yana kallon miyar kafin ya nuna ta.

"Makan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, wato abinci da harshen Malay. "Yoshi?"

Ya cinye tas. Daga ranar na zama 'yarsa, na kuma sha labarin layinsu har na haddace, da guntun Turancinsa da guntun Malay ɗina. Ɗan ƙaramin layi ne a tsakanin duwatsu. An shimfiɗa shi don jigilar katako. Katako ya ƙare, ya koma kwasar 'yan makaranta. 'Yan makaranta suka girma suka gudu birni. Babban kamfani ya ce zai rufe, ƙauyukan suka ce ba su yarda ba, suka karɓa suna lallaɓawa. Tarago ɗaya tal, shi ne direba, shi ne kwandasta.

"Wani lokaci fasinja ɗaya," ya ce, cike da alfahari. "Wani lokaci ni kaɗai."

Na ce a Kano ko ɗan adaidaita ba zai tashi a haka ba.

Matarsa ce take sayar da tikiti a tashar ƙarshe. Duk tashin jirgi sai ta fito ta nuna shi, ba ta sauke hannu sai wutsiyarsa ta ɓace a kwana. Bayan ta rasu, sanyi ya kama masa gwiwa, ya biyo zafi zuwa Kuala Lumpur.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, na je da kunu. Ya miƙo mini safar hannun.

"Jirgi ba ya tashi ba mai rakiya," ya ce. "'Yata tana nesa. Ranar da za a fita da ni, ke za ki nuna. Boleh?"

"Boleh, Baba," na ce, wato zan iya. Bakina ya riga hankalina.

Sai a ƙofa na tuna. A gidanmu a Gaya, kakata Daso ta rene mu a kan cewa wanda ya nuna gawa ko kabari, yatsansa zai shanye, sai dai in ya yi maza ya cije shi.

"Camfi ne," in ji Ubale. "Da digirinki da komai."

"Digirin ne zai daka mini yaji in yatsan ya shanye?"

Na koma neman sassauci. Na gwada masa nuni da baki, irin namu, na turo leɓe. Ya tambaya ko haƙori ke damuna. Na gwada da babban yatsa, yadda Malayawa suke yi. Ya girgiza kai, ya kamo manunina ya miƙar da shi, ya ɗaga mini gwiwar hannu. Hannunsa ba nauyi ko kaɗan. A nan ne tausayinsa ya kama ni sosai, na fasa gardama.

Wata Talata da hantsi Ubale ya same shi a kujerarsa, rai ya yi halinsa. Ya kashe murhu, ya jera takalmansa. 'Yarsa ba za ta iso ba sai washegari, motar ɗaukar gawa kuwa ba ta jira.

Na sauko da hijabina da farar safa. Maigadi yana kallona, masu shan shayi a mamak, gidan abincin bakin titi, suna kallona. Na tsaya ina jujjuya safar.

"In ba za ki iya ba, kawo," in ji Ubale.

"Ni aka ba."

Motar ta tashi. Na ɗaga hannu, gwiwa a sama yadda ya koya mini. Ta tsaya a danja, danjar nan ta ƙi saki, ban sauke hannu ba. Can ta sha kwanar mamak ta ɓace.

"Yoshi, Baba," na ce, hawaye na zuba.

Ubale ya kau da kai kamar yana kallon jirgin ƙasan da ke wucewa bayan gini. Na sa yatsan a baki na ɗan cije, ta cikin safar. Ƙanshin sabulunsa yana nan a jikinta.