Gurbin Lamba Goma

A rumfar jiragen yaƙi ta Yamai kowane ƙarfen aiki yana da gurbinsa a jikin allo, an zana siffarsa da jan fenti. Ajidan Mu'azu, shugaban makanikai, shi ya kafa dokar: in gurbi ɗaya ya kwana wayam, ko tsuntsu ba ya tashi. Bagobiri ne mai baki kamar rediyo, shekara ashirin da biyu bai taɓa ɓatar da ko ƙusa ba, kuma ba wanda bai gaya wa ba.

Ranar Talata da hantsi aka ɗora wa jirage biyu bama-bamai. Ayarin sojoji zai ratsa wani mugun daji da azahar, su ne za su yi masa rakiya ta sama. Mu'azu ya ɗaga kai ya ga gurbin sifana lamba goma, ƙarfen kwance noti, fayau.

Nan fa rumfa ta kaɗa. Ya sa aka zazzage aljihun kowa, aka kife kwandon shara, har butar shayi sai da aka leƙa.

Kapitan Faruk, matuƙin jirgi na farko, Bazabarmen unguwar Saga ne, don haka abokin wasan Mu'azu. Ya iso da hularsa a hammata.

"Bagobiri, saboda ƙarfen dala ashirin za ka zaunar da ni? Mutane na jirana."

"Mon kapitan, sama taka ce, ƙasa tawa. Je ka sha donu, furarku ta Zabarmawa."

Bakin Mu'azu ne kawai ke wasa. In jirgi bai tashi ba, ayari zai shiga daji ba mai tsaronsa. In ya tashi da ƙarfe yana yawo a ciki, Allah kaɗai ya san sauran. Ya ce a kwance murfin ƙarƙashin kujerar matuƙi a jirgin Faruk.

Sarjan Ramlatu ce ta zura hannu, don nata ya fi siranta. Ta laluba, ta laluba, sai ta zaro sifanar daga tsakanin wayoyin da ke juya jirgi. A wutsiyarta an naɗa koren zare. Duk rumfar mutum ɗaya ke naɗa wa ƙarfe koren zare: Mu'azu.

Rediyo ya mutu. Mu'azu ya karɓi sifanarsa.

Faruk ya daɗe yana kallon wayoyin nan. Sannan ya kifa hularsa a kai.

"Ajidan, riƙe min sifanar nan. In na dawo zan kai wa matata Hadizatu, ta ga abin da ya hana ta takaba."

Ya taka tsani, ya waiwayo. "Amma wallahi sai duk Saga ta ji Bagobiri ya yar da ƙarfe."

"Ka dawo ka faɗa," in ji Mu'azu. "Ni zan biya maka taksi."