Ƙarfen Maƙwabcina

Na tarar da matar maƙwabcina tsugune a bakin famfo tana dirzar wani abu da soson ƙarfe, mijinta kuma yana ɗaki yana fama da tarin da ya kwantar da shi wata uku.

"Yaya, me kike gogewa haka?"

"Ƙarfensa mana. Gobe shugaban sashensu zai zo dubawa. Ya gan shi baƙi ƙirin, a ce babu mace a gidan?"

Shekara goma sha tara maƙwabcin nan nawa ya yi a ɗakin gwaji, yana shirya wa masu bincike ƙarafa, suna neman wanda zai ba da zafi fiye da wutar da aka sa masa. Sau ɗaya tak wani guntu, bai fi farce ba, ya kwana biyu da zafi. Manyan suka ce ma'auninsa ne ya lalace, ai shi mai wanke kwalabe ne. Da ya yi ritaya ya taho da guntun a kwalba. Ya sha gaya mini ta kan katanga, ina ɗinki, cewa sirrin yana cikin 'yan tsage-tsagen fuskar ƙarfen, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake gani. Ni bare ya gaya wa. Matar da ta shekara arba'in tana masa wanki bai taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Aikin gama ya gama.

Kullum da safe in na leƙa sai mijin ya ce, "Ya zo?"

"Yana hanya, Malam."

Shugaban bai zo ba sai bayan mako biyu, ranar da aka dawo daga binne maƙwabcina. Ta ɗauko masa kwalbar. Ya ɗaga guntun a hasken taga, ya sa madubinsa, ya daɗe yana kallo.

"An goge shi," in ji shi.

"Ni na goge," in ji ta. "Bai yi kyau ba?"

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Amma na riga na ga fuskarsa, kuma wallahi sauƙi na gani a ciki, ba takaici ba. Yanzu babu mai cewa manyan ne suka yi kuskure.

"Ya yi kyau, Mama."

Ya ajiye shi a kan tebur, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ta ja kujera kusa da taga ta zauna, tana juya ƙarfen a tafin hannunta, ɗan haskensa yana yawo a bango.