Hannun Koci Dombek

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na wurinki.

To, a garinmu Tarrow, duk yaron da ya iya tafiya ya san abin da ake nufi idan Koci Walt Dombek ya ja kunnensa a bakin filin ƙwallon nan da ake rungumewa a hannu a ruga da ita: a jefa ƙwallo can nesa. Idan ya shafi hanci, a rungume ta a kutsa ta dama. Idan ya daki tumbi, a bi ta tsakiya ko da bango ne a gaba. Da waɗannan alamu yara ke wasa a kan titi, mu ma tsofaffin da ke saman benci mukan riga 'yan wasan karanta su. Iyayen yaran da ke ƙungiyar sakandaren a waccan shekara, su ma da wannan kunne da wannan hanci aka horar da su.

Abin da ya hana Walt zama wuri ɗaya a makon Ranar Godiya, bikin shekara da ke faɗowa ranar Alhamis, shi ne, akwai wani a ƙetaren kogi da ya fi kowa sanin hannunsa. Russ Kobel ke nan, mijin 'yarsa Janine. Shekara da shekaru Russ yana tsaye a bayansa a matsayin mataimaki, yana jiran ranar da tsohon zai ce ya gaji. Tsoho bai gaji ba. Sai mutanen Kesport, garin da ke ƙetaren kogin, suka kira Russ, suka ba shi 'yan wasansu masu tsaron gida ya horar, ya kwashi takalmansa ya haye gada.

Kesport kuwa ba mu da abokan hamayya kamarsu. Kowace safiyar Ranar Godiya sai mun kara, kuma sun jera shekaru suna lallasa mu, da yaran nan nasu kamar da ƙarfe ake ciyar da su. Hukumar makaranta ta riga ta kira Walt, aka ba shi kofi, aka yabe shi irin yabon da ake yi wa wanda za a sallama, sannan aka ce in bana ma aka sha kashi, sai ya miƙa usur, wato ya bar aikin.

Al'adar masu horarwa ce, ranar Lahadi kafin wasa kowane ɓangare ya ba wa ɗan'uwansa faifan wasanninsa na baya, don kada wani ya ce an yi masa ɓoyo. A gidan abincin da ke gindin gada ake musayar. Walt ya zaci wani za su turo. Sai ga Russ da kansa, cikin koriyar rigar Kesport.

"Baba, ina kwana. Ya gwiwar?"

"Tana inda ka bar ta. Kore bai karɓe ka ba, ka zama kamar kokwamba."

Russ ya yi dariya, ya ajiye faifan a kan tebur, amma bai ɗauke hannunsa daga kai ba.

"Magana ɗaya zan yi, Baba. Ranar Alhamis ba zan kalli hannunka ba. Na gaya wa maigidana, babban kocin can, aiki na zo yi musu, ban zo da alamun Tarrow ba. Kada ka wahalar da yara."

Walt ya ce ya ji. Ya sha kofinsa a tsaye, ya fita.

Tun kafin ya kai mota maganar ta fara cin sa. Wanda ba ya nufin kallo, me ya kai shi faɗa? Ya shiga gida bai cire riga ba, ya sauka ɗakin ƙasa ya kunna faifan. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kallo. Ya hau sama ya buɗe firji, ya rufe bai ɗauki komai ba, ya sake sauka. Masu tsaron Kesport ba sa kuskure. Sun fi yaransa girma, sun fi su gudu, kuma yadda suke tsayawa ma irin tsayuwar da shi ya koya wa Russ ce. Matarsa Loretta ta leƙo ta ce in zai ci gaba da hawa da sauka, ya riƙa tahowa da kwandon wanki.

Washegari da safe yana aski a gaban madubi, ya ja kunne don ya aske gefensa, sai ya tsaya da reza a hannu. Idan Kesport ba sa kuskure da kansu, ai sai a sa su yi. Zai juya alamun. Kunne ya zama gudu, hanci ya zama jifa. Russ zai ga an ja kunne, ya tura yaransa baya su tari jifa mai nisa, su bar gaba a buɗe kamar ƙofar coci ranar Lahadi.

Gus Petrillo, mataimakinsa kuma abokinsa tun suna 'yan firamare, ya saurare shi har ya gama, yana tauna cingam.

"Tsufan ne ya fara taɓa ka, mutumina? Yaran nan ko a barci ka ja musu kunne, nesa za su ruga."

"Shi ma Russ ko a barci zai karanta."

"Ya ce ba zai kalla ba."

"Ya taɓa cewa ba zai haye gada ba."

Gus ya tofar da cingam, ya je ya tara yara.

Atisayen Litinin abin dariya ne in ba kai ke da ƙungiyar ba. Dezmond Mabry, wanda ke jefa ƙwallo, yaro ne mai kaifin kai, nan take ya kama. Amma Ollie Hruska, ƙaton da ake miƙa wa ƙwallo ya ruga da ita, da ya ga an ja kunne sai ƙafafunsa su tafi nesa kafin kansa ya tuna. Ya yi ta ba da haƙuri, Walt ya yi ta sa a sake. Talata abin ya ɗan daidaita. Laraba kuwa suka yi atisaye tsaf, babu wanda ya kauce, har Gus ya ce wataƙila tsohon bai haukace duka ba.

Duk da haka hankalin Walt bai kwanta ba. Ya hango wani a kan tudun da ke bayan fili, ya aika a koro shi, ashe wani dattijo ne ke zagayawa da karensa. Ya kwashe yaran ya kai su zauren motsa jiki, ya sa aka rufe tagogi. Janine ta bugo waya tana tambayar abin da za ta dafo ranar Alhamis, ya amsa mata da maganar sanyi da ruwan sama, ya miƙa wa uwarta. Da ta ajiye, ya gargaɗi Loretta kada ta kuskura ta yi zancen atisaye da 'yarta.

Loretta tana cusa wa talo-talo kayan haɗi. Ba ta ɗago ba.

"Baban Janine, tarkon nan naka sai surukinka ya zama ɓarawo sannan zai kama. In bai zama ba fa?"

Ya ce ta kula da tsuntsunta, shi zai kula da nasa aikin. Ya ɗauki makulli ya fita, ya zagaya gari, ya dawo bai san abin da ya fita nema ba.

Safiyar Alhamis ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Garuruwan biyu suka kwashe kaf suka cika benci, kowa da bargonsa da butar kofi, 'yan badujala na ɓangarorin biyu suna ƙoƙarin danne juna. Aka buga ƙwallo, aka fara.

A karon farko da ƙwallo ta zo hannunmu, Walt ya fito bakin layi ya ja kunnensa, jan da na bayan benci ma sun gani. Idonsa ba ya kan yaransa, yana can ƙetaren fili. Russ ya juya masa baya, yana kallon 'yan badujala. Sai da aka busa usur ya waiwayo. Masu tsaron Kesport ba su ja da baya ba ko taku ɗaya, suka tare Ollie suka kwantar da shi a inda ya tashi.

Walt ya shafi hanci, Russ ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Walt ya sake jan kunne, Russ ya juya yana magana da mai ba da ruwa. Sai Walt ya shiga neman wanda aka sa ya kalla a madadinsa. Ya duba saman benci, ya duba ɗakin masu sanarwa, ya duba har kan rufin motar asibiti. Gus ya ja shi da hannun riga ya ce wasan fa a nan ƙasa ake yin sa.

Abin mamaki, yaranmu sun riƙe wuta. An tafi hutun rabin lokaci Kesport na gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ɗakin canza kaya Gus ya raɗa masa cewa babu mai kallo, a mayar wa yara alamunsu na gado tun kafin gajiya ta hau kansu. Walt ya dubi yaran, suna haki, tururi na tashi daga kawunansu. Ya ce in aka sake juyawa yanzu, wanne za su tuna?  Shawarar Gus gaskiya ce, sai dai ta zo a makare.

Har kusan ƙarshe tazarar ba ta ƙaru ba. Agogo na gab da cika, sai ga mu da ƙwallo dab da gidan Kesport, kaiwa ɗaya ta ishe mu cin wasa. Duk Tarrow ta miƙe tsaye. Yaran sun gaji liƙis, laka ta rufe lambobin rigunansu. Walt ya ja kunne, wato a miƙa wa Ollie ya kutsa. Daga benci mutanenmu, da ba wanda ya gaya musu an juya komai, suka ɗauki ihun a jefa, a jefa.

Dezmond ya tuna. Ya karɓi ƙwallo, ya juya ya miƙa ta inda cikin Ollie ya kamata ya kasance. Ollie kuwa yana can ƙarshen fili, hannuwa sama, yana jiran jifan da ya sani tun yana ɗan ƙarami. Ƙwallo ta faɗi ƙasa, ta yi tsalle irin nata na rashin kan gado, wani ɗan koriyar riga ya kwanta a kanta. Shi ke nan.

Aka jeru ana gaisawa a tsakiyar fili kamar yadda aka saba. Walt ya fara zuwa wurin Ollie, wanda ke kuka a cikin hular kwano, ya ce masa laifin ba nasa ba ne, ya je gida ya ci abinci. Da ya zo kan Russ, suka yi musabaha, kowa ya wuce.

Da la'asar Janine ta shigo gidan iyayenta da kaskon dankali, Russ na biye da ita, ya canza riga. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran izini, sai da Loretta ta ce ya shigo ya rufe mata ƙofa, ba titi take ɗumamawa ba. Aka zauna, aka yi addu'a. Walt ya ɗauki wuƙa ya fara yanka talo-talo, yana yi a hankali, ba ya duban kowa.

"Wa ka sa ya kalla maka?"

"Babu kowa, Baba."

Walt ya ci gaba da yanka. Can ya ce, "Da ka kalla ko sau ɗaya, da mun cinye ku."

"Ai na gaya maka tun Lahadi."

"Ka gaya mini."

Ya zaɓi cinya, ya ɗora a farantin Russ, ya tura masa. Loretta ta ce a miƙo mata romo.

Kafin Kirsimeti hukuma ta karɓi usur ɗinta, ta ba Gus riƙon ƙungiya. Dezmond ya tafi jami'a yana karatun haɗa magunguna. Ollie ya shiga aikin kashe gobara, kuma ya iya shi. Russ yana nan a Kesport, yanzu shi ne babban kocinsu, Janine ta haifa masa 'yan mata biyu. Loretta ta samu mai ɗauko mata kwandon wanki. Walt kuwa shi ke tuƙa motar coci yana kai wa marasa lafiya abinci, ranar wasa kuma a kusa da ni yake zama, surutunsa ba ya barin kowa ya ji mai sanarwa.