Waƙar Maliki a Hanyar Tsibiri

Shekara goma sha huɗu Maliki ya yi yana gardi a barikin Maradi, da jar hula da bulala, yana kora mutanen ƙauye aikin hanya. Da Nasara suka ce an daina aikin tilas, sai ya miƙa kakinsa, ya kama fataucin taba. A unguwa an san shi mutum mai sanyi, ba faɗa, ba dariya. Ran da ƙanensa ya rasu, ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku, ya nemi hawaye ya rasa. In an taɓo zancen bariki, amsarsa ɗaya ce: "Kumandan ke faɗi, mu hannu ne kawai."

Wata Laraba da hantsi ya hau jakinsa zuwa Jiratawa, inda aka ce wani manomi, Rabo, yana da taba mai kyau a fadama. Ya tarar da shi sunkuye yana cirar ciyawa, ba riga. Bayansa duk tabo, layi bisa layi.

Rabo ya miƙe, ya daɗe yana dubansa.

"Sannu da zuwa, gardi."

"Na bar aikin nan, bawan Allah."

"To. Taho inuwa."

Suka zauna gindin tsamiya. Rabo ya tura masa ƙwaryar fura.

"Hanyar Tsibiri, shekarar fara," in ji Rabo. "Na sauke kwandon tsakuwa don in sha ruwa."

"Ka yi haƙuri. Ka san kumandan..."

"Kumandan bulala biyar ya ce, ya hau dokinsa ya tahi. Ni na kai ashirin ina sane, daga nan ban san komi ba. Amma ba wannan na riƙe ba. Kana bugu, waƙa kake yi."

"Waƙa?"

Rabo ya rera ta ƙasa ƙasa, ba fushi a muryarsa, kamar mai nuna wa baƙo hanya.

Waƙar daka ce, ta mahaifiyar Maliki. Yana jin ta, ranar ta dawo masa ɗungurungum: zafin rana, nauyin bulala, mutum talatin tsaye ba mai iya ɗaga ido. Da wani daɗi da ya cika masa ƙirji, irin na mai ƙishi ya sami randa. Shi da ya tashi ana ce masa ɗan baiwa, ran nan kowa tsoronsa yake. Ba Rabo kaɗai ba ne. An yi wasu a hanyar Jiratawa, an yi wasu a bakin kasuwa.

Ya jira kunya ta zo, ko kuka. Ba abin da ya zo. Sanin kawai ya zauna masa a ciki kamar dutse.

"Ni ne," ya ce.

"Ni na san kai ne. Abin da ban sani ba, ko kai ka sani." Rabo ya ɗauki ƙwaryarsa. "Taba kuwa ba ta bushe ba tukun."

Da la'asar ya iso gida. Matarsa Tsahara tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsuguna kusa da ita, ya faɗa mata duka, har da daɗin. Ba ta ajiye rariya ba.

"Maigida, ni ke wanke kakin nan," ta ce. "Duk ran da ka dawo da jini a hannun riga, ran nan kake cin tuwo har ka nemi ƙari."

"Ba ki taɓa faɗi ba."

"In faɗa wa wa? Kai da kake yi kamar ba ka san gardin nan ba."

Ya ce, "Yana nan, Tsahara. Bai je ko'ina ba."

"To, ka ajiye shi inda kake ganinsa."

Suna haka akuyar maƙwabta ta shigo, ta tsoma baki cikin garin gero. Kafin Tsahara ta yi magana, Maliki ya zaro icce daga murhu, ya ɗaga. Ya ji yadda hannun ke son duka, ya ji numfashinsa ya sake. Ya tsaya haka, yana kallon hannun nasa. Sannan ya mai da iccen inda yake, ya kama akuyar a kunne, ya ja ta har ƙofar gida.