Akwatin Sifika a Motar Oga Obadiah

"Kar ka yanke wayar nan, Sale!"

Wuƙar tana hannuna lokacin da na ji muryarsa. Na juya. Oga Obadiah, maƙwabcinmu a Jabi Ɗaki Biyu, yana kwance a kan katifa a tsakar gida, ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi rawaya. Da safen nan asibiti suka sallame shi, suka ce babu abin da ya rage. Shi kuma abu ɗaya ya roƙa: a kai shi Paikon Kore, wurin tsohuwarsa, tun yana numfashi.

Ba ya iya zama, sai kwanciya. Motarsa doguwa ce, in an kwantar da kujerun baya katifa za ta shiga. Amma ƙaton akwatin sifikarsa ya cika but ɗin, wato bayan motar, ga waya ta haɗa shi da batir. Da sifikar yake yawon sanarwar taron coci da na biki.

Matarsa, Maman Kindness, ta buga ƙafa. "Sale, yanke kawai! Ƙarfe biyu ta wuce!"

"In ya yanke, wayoyin biyu za su haɗu," in ji Oga, yana jan kalmomin ɗaya-ɗaya. "Amfilifaya mai ƙara sautin ta ƙone. Da me za ki ci abinci bayan ni?"

"Wa ya ce maka abinci nake so?"

"Yara fa?"

Ta juya mana baya.

Wata huɗu na yi ina koyon gyaran wayar mota a Apo kafin na gudu, kamar yadda na gudu daga makaranta. Duk gidan nan ni ne mai ilimin, ka ji rashin sa'a.

"Zare key," in ji Oga. "Buɗe bonet. Baƙin kan batir za ka fara cirewa, ba ja ba."

Sifanar ta suɓuce mini sau biyu. Gumi yana shiga idona. Na kwance kan batir ɗin, na zare fis ɗin babbar wayar, na ruga baya.

"Tsaya. Ka ba ta minti biyar wuta ta sauka."

"Oga, minti biyar?"

"Kai dai da sauri aka haife ka."

Na tsaya ina kallon agogon wayata. Ina jin numfashinsa daga inda nake, yana shiga da ƙyar, ya daɗe bai fito ba. Maman Kindness ta durƙusa tana sa masa takalminsa na zuwa coci.

Da lokacin ya cika na kwance wayoyin daga bayan akwatin. Ya sa na naɗe bakin kowacce da salatif, daban-daban, na kawo kusa da fuskarsa ya duba.

"Wannan ba ta rufu ba. Sake."

Na sake. Ni da Fu'ad mai shagon bakin ƙofa muka sauke akwatin, muka ɗauki Oga da katifarsa muka shigar. Ba shi da nauyin akwatin.

Na mayar da kan batir, na murɗa makulli. Ƙas. Na sake. Ƙas.

"Yesu!" in ji Maman Kindness.

"Bai ɗaure ba ne," Oga ya ce daga baya, idonsa a rufe. "Matse shi."

Na matse, mota ta tashi.

A Lugbe muka tarar da cunkoso. Ina danna hon, ina leƙa madubi. Ba na ganin fuskarsa, sai bayan matarsa da ta sunkuya a kansa. Daga Giri ya daina magana.

"Madam, yana nan?"

"Tuƙa motarka."

Bayan Gwagwalada na sake tambaya. Ta ƙara sunkuyawa a kansa. Ina ta lissafi a raina: minti ashirin da biyar muka ɓata a kan wayoyi biyu. Da na yanke, da tuni mun isa.

Rana ta yi sanyi muka shiga Paikon Kore. Mutane sun taru a ƙofar gidan. Tun ban gama tsayawa ba aka ɗaga murfin but. Maza suka miƙa hannu za su ɗauko shi, wata tsohuwa 'yar ƙarama ta ture su, ta dafa ƙarfen motar ta hau da gwiwa. Ta kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba.

Ya buɗe ido.

Ta yi masa magana da Gbagyi, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya amsa sau ɗaya, gajere. Ta ɗora tafinta a goshinsa, ta daɗe a haka. Babu wanda ya motsa, ni ma ban kashe injin ba. Can numfashinsa ya tsaya, Maman Kindness ta rufe bakinta da zani.

Tsohuwar ta matsa wajen ƙafafunsa. Ta kwance igiyar takalmin a hankali, ta cire na dama, ta cire na hagu, ta jera su a gefen katifa.