Makullin Bas

Maigidana direban bas ne, ko in ce a da. Tun ranar da wani mai babur ya faɗo gaban motarsa ya karye a ƙafa, maigidan nawa bai ƙara iya riƙe sitiyari ba. Ba laifinsa ba ne, shi kansa mai babur ɗin ya faɗa da bakinsa. Amma da ya ji ƙarar inji sai gumi ya karyo masa. Mai motar ya yi mana kara, ya bar ta a ƙofar gidanmu, ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata. Da motar nan muke ci muke sha.

Ni na ja shi asibiti, wurin wata malama mai ba da shawara ga masu damuwa. Na ɗauka allura za a yi masa, ashe hira ce. Raina ya ɓaci wallahi, hira kam ai ina da ita a gida kyauta.

Ta tambaye shi abin da ke faɗo masa a rai idan ya taɓa makulli. Ya ce ji yake duk wanda ya ɗauka sai ya kashe shi. Ba ta ce masa ya daina wannan magana ba, yadda mu muke yi. Cewa ta yi ya lissafa mata waɗanda ya kashe a duk shekarunsa na tuƙi. Ya ce babu ko ɗaya. Ta ce to tunanin nan babu shaida gare shi, tsoro ne kawai, kuma a hankali ake sabawa da shi. Ta ce ya fara da zama cikin motar a kashe har ƙirjinsa ya lafa. In ya saba, ya tayar da inji. In ya saba, ya zaga layinmu shi kaɗai. Ta ja mana kunne kada a tsallake mataki ko ɗaya.

Abin ya fara ci kuwa. Maƙwabta na tsokanarsa wai yau ina muka nufa, direba, shi kuma yana zaune a motar da ba ta motsi. Ran da ya kai ƙarshen layi ya dawo, sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Sai ga yayansa. Ya ce wannan wasan yara ne, namiji ba ya koyon tuƙi sau biyu. Ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya zuba a motar, ya ce a kai su kasuwa, kunyar idonsu za ta sa ya dake. Na ce Yaya, ba haka malamar ta ce ba. Ya ce in koma ciki.

A mahaɗar babban titi maigidana ya ƙame. Motoci na ta hon, yara na kuka a baya, shi ko ƙafarsa ya kasa ɗagawa daga birki. Wani baƙo ne ya tuƙo su gida.

Washegari mai motar ya zo da sabon direba. Ina tsaye maigidana ya miƙa makullin, na ga fuskarsa ta washe, har da ajiyar zuciya. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na kira malamar na gaya mata. Ta ce sauƙin da ya ji shi ke ƙara wa tsoron ƙarfi, a dawo da shi su sake daga farko, ba a makara ba. Na same shi a tsakar gida yana gyara wa ƙaramarmu takalmi, na isar masa da saƙon.

"Ki ba ta haƙuri," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ai na warke. Tun da aka tafi da motar ban ƙara jin komai ba."