Tukunyar da Murhu Ya Ƙi

Murhun lantarkin ya sake yin ɗit-ɗit-ɗit, ya kashe kansa.

"Anti Eunice, ya ƙi fa," in ji Debby, kamar za ta yi kuka. "Wai sai tukunyar ƙarfe yake ganewa."

Eunice ta riƙe baki. Tun da take a Barnawa ba ta taɓa ganin murhu mai zaɓen tukunya ba. Katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan, shi ya sa da Debby ta ƙwala mata kira ta taho da kumfar wanki a hannu. Surukar Debby, Mama Lydia, ta daina cin abinci tun da asibiti suka ce a mai da ta gida a ba ta duk abin da ranta ke so. Yau da safe ta buɗe baki ta ce gwaten acca take so, kuma a tukunyarta ta tagulla, wadda ta zo da ita daga Pankshin tana amarya. Abu ɗaya Eunice ke tsoro, kada tsohuwar ta tafi da yunwa.

"Ɗauko ƙaramin gas ɗinki," ta ce.

Aka ɗora. Gindin tukunyar kuwa zagaye ne, ta karkace, saura kaɗan ruwan ya wanke musu ƙafa.

"Me kuke fasawa?" Muryar Mama ce daga ɗaki, siririya, amma faɗan na nan. "Samson, zo ka kai ni. Za su kashe mini tukunya ina raye."

Ɗan nata ya ɗauko ta a kan kujera, ya ajiye ta gefen firij. Ta dubi kabad-kabad ɗin masu ƙyalli, ta taɓe baki.

"Kicin kamar banki, amma babu dutse uku."

Samson, babban ma'aikaci da tumbinsa, ya fita bakin kwata ya tsinto duwatsu. Aka wanke su, aka jera kewaye da kan gas ɗin. Tukunya ta zauna daram.

Daga nan mulki ya koma hannun Mama. Ƙashi tukuna. A rage wuta, tagulla ba ta son gaggawa. Gauta yanzu. Da Debby ta miƙa hannu ga yakuwa, Mama ta buga sandarta a tayil.

"Sai an kusa saukewa, 'yata! Tsami ba ya daɗewa a tagulla. In ya nuna ki juye nan take."

Ƙamshi ya tsallaka katanga. Maƙwabta da suka zo dubiya da fuskar jimami suka ɓuge da neman kwano. Wata ta ɗauko waƙar zumuntar matan coci, aka amsa, Mama na kaɗa kai. Eunice ta fifita gwaten ta kai wa Mama baki. Mama ta haɗiye. Ta sake buɗe baki. Sai da ta kusa cinye kwanon, sannan ta ce gishiri ya yi kaɗan. Eunice ta yi dariya har da hawaye, daɗi ya cika ta.

Da la'asar mutane suka watse. Mama ta ƙi komawa ɗaki.

"Samson, ƙanzon naka ne. Kada ka bar wa kowa."

Ya zauna dirshan a ƙasa, ya sa tukunyar tsakanin ƙafafunsa, ya juya baya yana kankara da cokali.

Eunice ta sunkuya za ta goge wa Mama baki, sai ta ga zanen da ke ƙirjinta ya daina motsi. Ta kama hannun Mama, da sauran ɗuminsa. Ta buɗe baki za ta kira Samson, sai ta fasa.

"Mama, har yanzu babu mai kama hannunki," ya ce da cikakken baki, bai waiwayo ba.

Eunice ta gyara wa tsohuwar ɗankwali, ta zauna kusa da ita riƙe da hannun, tana jira ya gama.